Kada Wani Ido Ya Riga Nawa

Da sunan Allah Mai rahama.

Ya sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara talatin da ɗaya, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa! Aminci ya tabbata a gare ki.

Bayan haka, Malama, jiya na zauna a kujerar ƙarshe ta zauren jami'arku ina sauraron laccarki. Kika jera mazhabobin tattalin arzikin da suka saɓa wa jamhurun masana, yadda nake jera wa ɗalibaina saɓanin malamai: waɗannan idonsu na kan leburan masana'anta, waɗancan na kan daji da kogi, wasu na kan hukumomi da dokoki. Sannan kika ce mazhabarku ta mata ce ta leƙa cikin gida, ta ga hannun da ke girki da jinya ba wanda ya kira shi aiki. Wallahi zuciyata ta yi fari tas kamar auduga!

Sai kika rufe da godiya ga abokin aikinki, Farfesan nan mai jan biro, wai shi ya fara duba miki babi na uku na littafin da kike rubutawa. Shi! Ƙirjina ya kama kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Yaushe aka tuɓe ni? Kin manta rubutunki na farko da muka baje a tabarma, kina karantowa ina gyarawa, har shayi ya huce sau biyu? Shi Farfesan ya san yadda kike cizon murfin biro idan hujja ta ƙi zama? Wata huɗu ina ba Inna, mahaifiyarki, magani, ina juya ta a gado, ina wanke mata ƙafa, domin ki samu sukunin rubuta babin da wani ya riga ni gani!

Astagfirullah. Ban munana miki zato ba, Allah ne shaida. Na kuma san wata huɗuna bai kai ƙurar shekara talatin da ɗayan da kika yi kina ɗawainiya da ni da 'ya'yanmu ba, ina kiran abin zaman gida. A kan ƙafar Inna na gane mazhabarki. Shi karanta ta ya yi. Ni na durƙusa na aikata ta.

Roƙona ɗaya ne, ya hasken gidana: babi na huɗu, kada wani ido ya riga nawa. Na feƙe fensir, na goge tabarau, na shimfiɗa tabarmar nan.

Naki har ranar da za a naɗe ni a likkafani, ina kuma roƙon Allah har bayan nan,

Mijinki, mai karatunki na farko.