Injin Baba da Yatsunsa

Zuwa ga Gwaggona abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, tare da fatan kina lafiya ke da kowa na gidan. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau. Umma tana fama da ɗinkinta, Auta ya fara rarrafe, ba abin da ya tsira daga bakinsa, har bangon littafin da na aro ya cinye. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda in an miƙa mata waya sai ta gaishe ki ta gudu. To Gwaggo, maganar ce ta fi ƙarfin bakina, kuma kwana biyu ko karatun ma na kasa, sai in karanta shafi guda in koma kansa ban san me na karanta ba.

Babban injin yankan itacen Baba ya mutu murus, wancan da kike cewa ya fi mu gata a gidan. Bakanike, abokinsa, ya kwance shi ya baza a tabarma, ya ce gaskiya ya gama aiki. Ga kuma manyan gumagumai suna jiran Baba a wurin masu katako. Mai shagon sayar da injuna ya nuna masa guda biyu, dukansu manya, ya bar shi ya gwada. Ɗaya irin na da ne sak, shi kaɗai ya rage a kwali. Ɗayan sabon samfuri ne, yana da sifirin a mariƙinsa da ke shanye girgiza, kuma shi yake daidaita wa kansa mai. Sai dai in ya sami matsala ba ya gyaruwa a daji, dole a kai shi shago a jona masa na'ura. Baba ya ce injin da ba ya yarda mai shi ya taɓa cikinsa ba nasa ba ne, haya aka ba shi. Bakanike ya goya masa baya, wai shi da sukundireba ɗaya da kunnensa yake jinyar tsohon. Umma kuwa ta ce su zaɓi wanda suka ga dama, muddin za a daina shigo mata da garin katako har kan gado.

Abin da Umma ba ta sani ba shi ne ya hana ni sukuni. Kin san a ɗakin ajiya nake ɓuya da littafi, bayan jarkokin mai. Ran nan da safe Baba ya shigo yana wasa haƙoran sarƙar inji da magagari, bai san ina nan ba. Sai na ga jini yana ɗiga a kan wandonsa, shi kuwa yana ta aikinsa har da 'yar waƙa. Gwaggo, haƙorin sarƙa ya yanke shi a yatsa amma bai ji ba. Da na fito a tsorace na kama hannun, kan yatsun fari fat, sanyi kamar an tsamo su daga randa. Ya yi dariya, ya ce sun daɗe suna masa haka, girgizar inji ce, in rana ta yi zafi suna dawowa. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ni yake kira in saka masa maɓallin hannun riga, ni da nake zaton shagwaɓa ni yake yi. Na ɗaure masa ciwon, ya ce in rufa masa asiri kada Umma ta ji.

Ranar da ya gwada sabon, da idona na ga ya tsinci allurar Umma a ƙasa ya miƙa mata. Ranar da ya gwada irin na da, kofin shayi da hannu biyu ya riƙe. Duk da haka jiya na ji yana gaya wa Bakanike cewa ranar Litinin zai ɗauko irin na da. Na je bakin ƙofarsa da niyyar magana, na haɗa kalmomi masu daɗi irin na cikin littafi, da ya ɗago ya ce me ake ciki, sai na ce ruwa na zo tambaya ko zai sha. A labari in jaruma ta rasa wanda za ta zaɓa nakan leƙa shafin ƙarshe hankalina ya kwanta. Wannan ba shi da shafin da zan leƙa.

Ke kika goya Baba, ke kaɗai kike ce masa yaro ya sunkuyar da kai. Don Allah ki kira shi kafin Litinin. Kada ki tsaya jan maganar inji da shi, zai cika ki da bayanin kafireta har ki manta abin da ya sa kika kira. Ki tambaye shi kawai wa yake saka masa maɓalli. Alkawarin da na yi masa shi ne Umma ba za ta ji ba, kuma ban faɗa mata ba. Bai ambaci sunanki ba.

Ki gaishe min da Baffa, da Yaya Babba da maiɗakinsa, da 'yan biyu masu ƙiriniya. Umma ma tana gaisuwa, ko da yake ta ɗauka aikin makaranta nake rubutawa.

Taki har kullum,
Shiru-shirunki