Yajin Kaka Eulalie

Gaisuwa ga ɗaukacin jama'ar rumfarmu, har da ƙaguwoyin da ke jiran tukunya!

Kawu Ozeme, ya Louisiana? Ya ƙafar Kaka Eulalie? Ni nan Alaska ras nake, sanyi ma tsorona yake, yatsuna ne dai suka ƙi lanƙwasuwa.

Na cika wa abokan aiki baki: da kwalekwale ɗaya marigayi mijin Kaka ya fara sayar da jatan lande, yau har 'yan birni ke layi. Suka ce in dafa. Na dafa, na juye kan jarida kamar gida. Kawu, lami! Suna ta santi, ni na kasa haɗiya. Da suka ga hawayena, na ce tururi ne ya shige min ido.

Don Allah aiko min da yajin Kaka, ko gwangwani guda.

Naku, Clovis gwanin tukunya