Adon Kan Ama

Yaya Yangdol,

Ina gaishe ki. Ya maigida da yara? An gama girbin sha'ir?

Muna lafiya, kada ki damu. Muna kan hanyar gidan ibadar da Ama, mahaifiyarmu, ta yi alwashin kai wa man fitila. Ni da na karance littattafai kan tsaunukan nan, ni ke ta amai saboda tsayinsu. Ita kuwa duk tarin duwatsun addu'a sai ta sauka daga mota ta kewaya. Direba ya ce, "Iya, ƙanƙara za ta rufe hanya fa!" Ta ce, "To yi gaba ka roƙe ta, sarkin gaggawa."

Numfashinta ne dai ke damuna. Leɓɓanta sun yi shuɗi, ta ce sanyi ne. Dutse mafi tsawo yana gabanmu, kuma ta ƙi juyawa.

Jiya ta cire adon kanta mai shuɗin duwatsu, na kakarmu, ta ce in kawo miki. Na ce, "Ama, ai uwa da hannunta take ɗora wa 'yarta." Ta ce nauyi yake mata.

Tun ranar aurenta bai taɓa yi mata nauyi ba, Yaya. Ki kunna mana fitilar addu'a.

Ƙaninki,
Norphel