Tsohuwar da Ta Zauna Kan Igiya

Zuwa ga aminiyata Malama,

Kafin in gaishe ki, amsa mini wannan, tunda ke ce mai boko: mene ne na ƙara wa littafinki bai ƙara nauyi ba, amma da aka cire shi sai jikata ta kasa ɗaga littafin? Yi ta tunani, ba sauri.

To, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya gwiwar nan taki? Yaya maigidan, har yanzu yana gyangyaɗi a coci ya ce addu'a yake yi? Mu nan lafiya lau, sai dai kunya da ta hana ni leƙa ko ƙofar gida.

Kin ce in faɗa miki yadda muka ga littafin da kika aiko wa jikata Aku. Ashe shi ne ma aka ba su a makaranta, kowa ya karanta ya rubuta abin da ya burge shi da abin da bai yi masa ba. Sai ciwon ido ya kama ta, likita ya ce kada ta kalli takarda har mako biyu. Ni da na tsaya a aji huɗu, na maƙala tabarau na zama mai karatu. Kullum bayan abincin rana tana kwance da tsumma mai sanyi a fuska, ni ina kujerar bakin taga ina bin layi da yatsa.

Gaskiya littafin da daɗi. Tsibirin nan da toka ke zuba kamar ruwan sama, da ƙatuwar ungulun da ke cinye waƙa daga bakin mutane, sai da tsikar jikina ta tashi. Shi kuwa Mai Kwalekwale, wanda ke ƙetarar da mutane kyauta da hannuwansa masu tabo, ko jariri ya san Ubangijinmu ake nufi, ba sai an faɗa ba. Amma marubucin sai ya faɗa! Kowane babi, ana tsakiyar gudun ceton rai, sai ya tsayar da kowa ya yi wa'azin shafi uku. Waɗannan na riƙa tsallakewa, Allah ya gafarta mini. Sannan duk mugun da ke littafin tsoho ne mai giɓi. In kin san mutumin, ki tambayar mini shi me haƙoranmu suka tsare masa.

Daga tsallake sai na zarce. Wata rana Aku na barci na leƙa babin ƙarshe. Uban yarinyar labarin, maƙeri, ya ƙi shiga kwalekwalen. Aka tashi aka bar shi a gaɓa, toka ta rufe shi, 'yarsa kuwa tana ta waƙa, ko waiwaye ba ta yi ba. Kin san ɗana kafinta bai sake taka coci ba tun da muka binne uwar Aku. Aku kuma tun babi na biyu take ce wa maƙerin nan Baba.

Don haka da muka iso wurin, yatsana yana kan layi, bakina yana wani gari. Na ƙago wata tsohuwa mai giɓi, mai sayar da allura, da ta zo ta zauna daram kan igiyar kwalekwalen, wai ƙafarta ta riƙe. Aka roƙe ta, ta ce kunnenta ba ya ji. Aka yi ƙoƙarin ɗaga ta, ta fi dutse nauyi. Mai Kwalekwale yana ta murmushi, har maƙerin ya gaji da taurin kai ya shigo. Aku ta yi dariya sai da tsumman ya faɗi.

Ta warke, ta rubuta shafi biyu, rabi duk yabon tsohuwar ne. Jiya malaminsu ya tsayar da ita gaban aji, ya miƙa mata littafin ya ce ta nuna masa tsohuwar. Ta juya, ta juya. Ya ce ba ta karanta ba, shirya labari kawai ta yi. Yara suka raɗa mata suna Mai Igiya. Malama, yarinyar nan ba ta ambace ni ba. Ta dawo ta shige ɗaki ta karanta babin da idonta. Da ta fito ba ta yi kuka ba, tambayata kawai ta yi ko haka za a tafi a bar Baba. Ni da ko fasto ke gudun bakina, ga ni na ɗauko takarda ina kawo miki kukana.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida mai gyangyaɗi.

Taki,
Kakar Aku

Aminiyata Malama,

Ina fatan kuna lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, faɗan da kika yi mini ya shiga. Sai dai kacici-kacicin kin faɗi warwas: ba hawaye ba ne. Shekara talatin kina koyarwa, ga ki nan!

Ranar Litinin na ɗaura ɗankwalin zuwa coci na nufi makaranta. Na tsaya gaban yara arba'in, na ce ni na ƙago tsohuwar, Aku abin da ta ji ta rubuta. Malamin, wanda ɗana ma ya girme shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ba ta haƙuri gaban kowa, amma ya ce sai ta sake rubutawa. Wata 'yar mitsitsiya ta ɗaga hannu tana son sanin ko tsohuwar za ta fito a kashi na biyu. Wallahi saura kaɗan in ce e. Na danne.

Shagon ɗana ya fi wuya. Na same shi yana yanka katako, na faɗa masa komai. Ya ajiye zarto, ya goge hannu a riga, ya karanta babin a tsaye. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce abu ɗaya ne ya dame shi: shafi ɗari biyu, ba wanda ya taɓa tambayar maƙerin me ya hana shi shiga.

Malama, shekara uku kowace Lahadi ina sakar masa habaici a kan tebur. Ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Kunyar makaranta wasa ce a kan wannan.

Na tambaye shi. Abin da ya faɗa zai tsaya tsakaninmu da Allah, amma rabona da in ga hawayensa tun yana ɗan makaranta. Da yamma ya kira Aku shago. Ya ce mata ba zai ruɗe ta ya ce gobe zai shiga ba, amma yana nan tsaye a gaɓa, kuma toka ba ta rufe shi ba.

A sabon rubutunta ta yabi hannuwan Mai Kwalekwale, ta ce laifin littafin shi ne yarinyar da ba ta waiwaya ba. Ranar Lahadi ubanta bai shiga coci ba, amma ya raka mu har bakin titi. Aku ta waiwaya sau uku, na ƙirga.

Yanzu ita ke karanta mini littafin tun daga farko, kuma ko layi ɗaya na wa'azin ba ta tsallakewa. Horona ke nan. Wanda ya fi ciwo, in na fara ba ta labari sai ta tsayar da ni ta tambaya: na gaske ne ko ni na ƙago? A da ba ta tambaya.

Ki gaida mutanen gida duka. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu.

Taki har kullum,
Kakar Aku

Af, amsar kacici-kacicin. Ƙarya ce, kuma ni na yi ta.