Kan Jirgin Baba Ya Koma Akwati

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Yaya Rabi? Mu nan Jidda lafiya lau, sai takaici.

Kan jirgin ƙasan nan mai girman rago da marigayi Baba ya ƙera, shi na kai wa wani mai walda a unguwar Ammariyya ya gyara ƙafa ɗaya. Jiya na tarar ya yanke bututun hayaƙin da tukunyar tururin, ya kifa masa akwatin kwano mai tagogi. Wai, "Halas, shi ke nan, Hajiya, zamanin kwal ya wuce, haka na dizal suke!" Tir!

Da na kawo shi gida, Inna ta dube shi ta ce, "Akurkin wa?" Na kasa gaya mata cewa jirgin Baba ne.

Ka roƙa mini haƙuri wurin Allah. A gai da yara.

Ƙanwarka,
Safiya