Hancina da Tsutsar Nazifa

Diffa, ran 9 ga Maris 2018

Zuwa ga yayana Alhaji Habibu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, gari ya ɗan lafa, sai dai mutanenmu na Geskeru har yanzu da rana kawai suke leƙa gonakin bakin kogi. Matata Kellu ta warke sarai.

Yaya, da zumuɗi nake rubuto maka wannan. Ka san ni, aji uku na yi a kwalej na fito, ba wanda ya ba ni ko buhu ɗaya, da hancin nan na gina mangaza biyu na ajiyar tattasai. In na shinshina tattasai sai in faɗa maka gonar da ya fito. To da hukuma ta ɗage hanin cinikin tattasai kaya suka yi ta shigowa, na koma wuni cikin mangaza, sai hancin ya mutu. Har na aika wa abokin cinikina Liman na Damagaram kaya masu fumfuna, abin da ban taɓa yi ba shekara talatin. Ya maido mini su, ya ce wa direba ko Zubairu ya tsufa ne. Na ɓoye maganar, ko Kellu ban gaya wa ba.

'Yarka Nazifa ce ta gano ni, da ta zo hutu daga Faransa inda take karatu. Ta ga ina cusa fuska cikin buhu kamar akuya, ta tsare ni sai da na faɗa mata. Sai ta ba ni labarin tsutsar nan da take bincike a kanta, wadda muke yi wa dariya. Wai ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma tana da ƙamshin da take bi don neman abinci. In aka bar ta cikin ƙamshin nan ta daɗe ba abinci, sai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da suke kira ƙananan ARN su yawaita cikin jijiyar shinshinarta, su je can inda umarnin jiki yake su rage wa mai karɓar ƙamshin ƙarfi. Daga nan ko an kawo mata shi ba ta kulawa. Amma ba lalacewa ta yi ba, in aka raba ta da ƙamshin tana dawowa daidai!

Na ce mata ashe ni ne tsutsar. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce kada in je kasuwa in ce ita ta faɗa, don ba ta da shaidar cewa hancin mutum ta wannan hanyar yake bi. Ta ce dai in gwada, ba asara. Kwana huɗu ban taka mangaza ba. Ran na biyar da sassafe ta jera mini tattasai kashi shida a tsakar gida, ta ɗaure mini ido da ɗankwalinta. Yaya, duk shidan na faɗa! Na biyu da na biyar na ce masu fumfuna ne, haka kuwa. Kellu ta rangaɗa guɗa ba ta ma san dalili ba. Yanzu a waje nake duba kaya, kuma Liman ya karɓi mota guda bai maido ko buhu ɗaya ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da salla ni da kai mun yanke cewa ta bar wasa da tsutsa ta dawo ta kama aikin porje, irin na ƙungiyoyin agaji, a nan. Ita ba ta yi musu ba, ta ce ba za ta koma ba sai da yardarka, kuma malaminta yana jiran amsa kafin ƙarshen wata. Ni dai na janye tawa maganar. Ban saba cewa na yi kuskure ba, kai ma shaida ne, amma yau na faɗa da alƙalamina. Don Allah ka kira ta ka sa mata albarka ta tafi.

Ka gai da Hajiya Sakinatu da Muhammad da Zulfa. Na ba direba ƙullin tattasai ya kawo maka, ni na zaɓe shi da hancina.

Ƙaninka,
Zubairu