Gurbin da Ka Bar Mini a Kaset

Zuwa ga Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma wata bakwai ke nan da aka kai ka makwancinka, akwai maganar da ke cin raina, kuma kai kaɗai take shafa.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Umma tana nan da sauƙi, sai dai idon ya ƙara rauni, yanzu da murya take gane mutane. Na ɗauko ta daga unguwar Mahjar ta dawo wajena a unguwar Aziziyya. Iƙamarta, katin izinin zama a ƙasar Larabawan nan, da ka yi ta zirga-zirga a kai ta fito, sati biyu bayan rasuwarka. Na riƙe katin a hannu na rasa wanda zan yi wa albishir.

Wajen kwashe kayanka na ci karo da kaset ɗin bidiyon nan, ka naɗe shi a tsohon rawanin Baba. Ka tuna shi? Katun ɗin Japanawa, na saurayin da ya tuƙa jirgi can sararin samaniya ya ɓace hanya, ƙanwarsa tana ƙasa tana yi masa magana ta rediyo. Wanda ya zo hannunmu ba da yarensu yake ba, Turawa sun cire muryoyin asali sun sa nasu. Abin ya tsaya maka a rai. Kana da shekara ashirin, ni sha biyar. Ka ce in dai Bature zai ari bakin ɗan Japan ya yi magana, Bahaushe ma zai iya, ko don Umma ta daina tambayarmu me suka ce.

Wahalar da ka sha kuwa! Ka tsayar da kaset, ka rubuta Turancin yadda kunnenka ya ji, ka kai wa maƙwabcinmu ɗan Najeriya mai aikin jinya ya fassara maka. Kai ka fara nuna mini cewa Turawan ma ba su dace ko'ina ba, wani wurin maganarsu ta ƙare amma bakin yana ta motsi kamar mai taunar goro. Ka ce kai ba za ka yi wannan ha'incin ba. Da yatsa kake ƙirga buɗewar bakin, ka yi ta datse Hausarka har ta zauna daidai.

Bidiyonmu yana da wani maɓalli da in an danna yake goge duk sautin da ke kai ya ɗauki sabo. Ka yi muryar saurayin, ka yi ta tsohon kwamandansu, har ƙarar jirgin da bakinka ka yi ta. Amma duk inda ƙanwar za ta yi magana sai ka yi shiru, kaset yana tafiya. Ka ce wannan gurbina ne.

Sau nawa ka roƙe ni? Na ce maka maƙogwarona na ciwo. Na ce ina da jarrabawa. Daga baya na ce wasan yara ne. Yaya, duk ƙarya na yi maka. Kunyar Hausa nake ji. A makaranta Larabci zalla nake yi, ina fama kada a tuna daga ina kakanninmu suka zo. Na san kaset ɗin zai zaga gidajen unguwa, wata ƙawata ta ji muryata, washegari a yi mini dariya a aji. Saboda wannan na bar ka kana kira a cikin jirgi babu mai amsawa. Ba ka yi fushi ba, ka ce halas, shi ke nan, duk ranar da na shirya gurbin yana nan. Shekara talatin ba ka sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ka manta. Wanda ya manta zai naɗe abu a rawanin ubansa?

Na kai kaset ɗin wajen wani mai gyara a unguwar Ruwais. Ya ce zaren ya tsufa, da ƙyar zai jure juyi ɗaya, don haka ya kwafe mini shi a waya. Ranar da na ji muryarka ta shekara ashirin, a cikin motar haya na zauna na yi kuka har direban ya kashe rediyonsa.

Rahma 'yata ce ta nemo fim ɗin a intanet. Ka san wani abu? Turawan sun sake yi masa sababbin muryoyi, waɗancan da ka haddace babu su. Na ji haushi a madadinka. Su in murya ba ta yi musu ba sai su canza, ni kuwa taka guda ɗaya ce. Rahma ta saurari Turancin ƙanwar, ta faɗa mini da Larabci, don ka san Hausarta a kunne take, ba a baki ba. Ni kuma na mayar da shi Hausa, ina ƙirga buɗewar bakin da yatsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗauka. Abin bai yi kyau ba, kada in yaudare ka. Kai saurayi ne a ciki, ni kuwa muryata ta mace ce mai shekara arba'in da biyar, wanda bai sani ba zai ce uwarka ce ke magana. A gurbi na ƙarshe, inda kake ta tambayar ko ƙanwarka tana jin ka, Turancin ya ce yarinyar ta karanta maka lambobin hanya. Ban karanta ba. Na ce ina jin ka, na ce ka yafe mini. Maganar ta fi bakin tsawo, na san da kana nan sai ka sa na sake.

Na kunna wa Umma. Ta saurara tun daga farko har ƙarshe ba ta motsa ba. Da ya ƙare ba ta yi zancen jirgi ba. Ta juyo wajen da nake, ta tambaye ni me ya sa na daɗe haka ban amsa wa ɗan'uwana ba. Shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu inda in ka kira zan amsa tun a karon farko.

Ƙanwarka da ta makara,
Sa'adatu